Gangar Kawu Haladu da Saurin da Na Ɗora Mata

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Haladu idan aka bi watannin Musulunci. A lissafin bature kuwa da sauran wata biyu da 'yan kwanaki. Na kawo duka biyun ne domin ina so abin da zan rubuta ya tsaya a kan daidai, ko da daidai ɗin ba zai yi mini daɗi ba. Yayan mahaifiyata ne, kuma makaɗin gayya a ƙauyenmu da ke kusa da Makoda. Dattawan gari har yau da sunansa suke tuna shi. Waɗanda ba su kai talatin ba kuwa Ɗan Tsako suka sani, kuma ni ne sanadin wannan suna.

Ga wanda bai tashi a karkara ba, gayya ita ce mai gona ya gayyato matasan gari su taru su nome masa gona a wuni guda, shi kuma ya ciyar da su. Sai su jeru, kowa ya kama kunyarsa, makaɗi yana bin su da gangar noma, yana yi wa kowa kirari da sunan ubansa. Abin da ya bambanta Kawu da sauran makaɗa shi ne inda yake ajiye idonsa. Ba ya kallon gwarzon da ya yi gaba, na ƙarshen layi yake kallo. "Na gaba ba ya bukatata," in ji shi. "In na bi shi, kafin azahar rabin mutane suna gindin bishiya." Da safe yakan fara da ɗan ƙarfi, idan rana ta ɗaga ya rage kaɗan ba tare da kowa ya lura ba, bayan an sha fura kuma ya ɗan ƙara. Na ƙirga bugunsa na safe daga wani sautinsa da na taɓa ɗauka, sau uku, da agogo a hannu. Sau biyu na sami tamanin da takwas a minti, sau ɗaya tamanin da bakwai. Na ɗauki tamanin da takwas.

Ina shekara ta biyu a jami'a a Kano, ina karanta kimiyyar kwamfuta, na faɗa son wani kiɗan rawa da ake haɗawa da kwamfuta, wanda masu shi ke kira tirans. Duk mai haɗa irin wannan kiɗa, abu na farko da manhaja ke nema a wurinsa, tun kafin ya sa sauti ko ɗaya, shi ne lamba: bugu nawa a minti. Masu yinsa sukan zauna ne tsakanin ɗari da talatin zuwa ɗari da arba'in, kuma ɗari da talatin da takwas ita ce lambar da na fi cin karo da ita. Akwai dalili. Idan aka yi ƙasa sosai, dogon amon da ke ɗauke hankalin mai rawa sai ya kwanta. Idan aka yi sama sosai, rawar sai ta koma gudu. Duk wannan na haddace shi kamar karatun allo. Tambayar da ban yi ba ita ce su wane ne masu rawar. Mutane ne a tsaye, hannunsu ba komai, a ɗaki mai sanyi. Ba a sunkuye suke ba, kuma babu fartanya a hannun kowa.

A hutun damina na roƙi Kawu ya bar ni in ɗauki kiɗansa. Ya shiga ɗaki ya sako farar rigarsa ta Juma'a da hula. Na ce masa murya kaɗai za a ɗauka, ba hoto ba. Ya ce, "To, muryar ma ai ba za ta fita tsirara ba." Ya yi mini kiɗan safe da kirari na kusan minti goma a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansa, da dukkan ƙarfinsa, kamar mutum hamsin ne a gabansa.

Na koma gida na ɗora sautin a kan kiɗan da na haɗa, na ja tamanin da takwas ɗinsa na kai shi ɗari da talatin da takwas. A lokacin ban san akwai wurin da ake taɓawa a manhajar ba domin murya ta tsaya a yadda take ko da an ƙara sauri. Saboda haka muryar ta tashi sama tare da bugun. Muryar nan mai kauri, wadda ake ji daga wannan gefen gona zuwa wancan, ta koma siririya, tana tsi-tsi kamar ta ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. A nan ne ya wajaba in rarrabe abu biyu. Yadda muryar ta lalace kuskure ne. Tura ta da na yi ba kuskure ba ne. Na saurara, na yi dariya har da hawaye, na san ba daidai ba ne, sannan na tura wa wani abokina mai cajin waya a kasuwar Ɗambatta, wanda ke zuba wa mutane waƙoƙi a waya. Ina so a ce na iya. Magana kuwa zarar bunu ce.

Kafin kasuwa ta zagayo sau biyu, babu wayar da ba ta shiga ba. 'Yan acaɓa sukan rage gudu a ƙofar gidansa su ƙure sauti. "Ɗan Tsako, a ɗan yi mana tsi-tsi mana!" Wani mai goro, sa'ansa, ya tare shi a cikin taron kasuwa ya ce, "Malam Haladu, ashe kana da ƙane a cikin waya ba ka faɗa mana ba?" Mutumin da ya shekara arba'in yana kiran sunayen iyayen mutane da girmamawa, sai ga nasa sunan ya faɗi ƙasa ana tattakawa.

Ranar da abin ya kai maƙura ita ce ranar gayyar Alhaji Mudi, mai babbar gonar gero a yammacin gari. Noman firi ne, wato noman farko, gero bai kai gwiwa ba. Alhaji ya kira Kawu kamar yadda ya saba, amma babban ɗansa ya turo lasifika da batir a cikin baro. Kawu ya fara kiɗa, layi ya kama tafiya, sai ɗan Alhaji ya ɗaga murya.

"Baba Haladu, huta haka nan. Bari ƙaramin ya karɓe ka."

Aka kunna. Matasa suka yi ihu. Da Kawu ya ajiye ganga ya zauna, da abin ya zo da sauƙi, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma bai zauna ba. Ya gyara ratayar gangar, ya yi ƙoƙarin bin saurin. Dattijo mai shekara sittin da wani abu yana bin muryar kansa da gudu, gumi yana zuba a idonsa, sandar kiɗa tana tsallake bugu. Ban auna ba, amma a ƙiyasina bai kai minti biyu ba hannunsa ya gaza. Aka fashe da dariya. Ina wurin, a bakin gona. Ba zan ce na yi dariya ba, domin ban yi ba, amma na yi murmushi, saboda mutane suna nuna ni suna cewa ga injiniyan da ya haɗa.

Sauri ya haifi nawa. Matasan suka bi lasifika, fartanya tana sauka kafin ido ya ga inda za ta sauka, suna sare gero tare da ciyawa. Kafin rana ta take, mafi yawansu suna kwance a inuwa suna haki, gonar ko rabi ba a yi ba. Mai karatu zai yi zaton a nan gaskiyar Kawu ta fito, aka ba shi haƙuri. Ba haka aka yi ba. Alhaji Mudi ya zagaya ya ga geronsa a yashe, ya dawo ya tsaya a kan Kawu, ba a kan ɗansa ba, ba a kaina ba.

"Haladu, ka ga abin da waƙarka ta yi mini?"

Kawu ya saɓa gangarsa ya tafi, bai jira fura ba. Daga ranar ba a sake kiransa gayya ba. Adalci ya sa in ƙara da cewa gayyar kanta tana kan gargara tun kafin nan: maganin feshi ya fara maye gurbin fartanya, matasa kuma sun fara gudu birni. Ba ni na kashe sana'arsa ba. Abin da na yi shi ne na hana shi fita daga cikinta da mutuncinsa.

Bayan wata uku na koyi yadda ake ƙara sauri ba tare da an taɓa murya ba. Na gyara waƙar, na roƙi mahaifiyata ta raka ni in ba shi haƙuri. Ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye.

"Nawa ka ce?"

"Ɗari da talatin da takwas, Kawu."

"Wa kake kallo da ka zaɓa?"

"Ba kowa. Haka ake yi."

Ya juya ga mahaifiyata, kamar ba na wurin. "Ladi, karatun ɗanki ya yi albarka. Ni shekara arba'in ina kiɗa ban iya mayar da mutum kaza ba. Shi a hutu ɗaya ya iya." Daga nan bai sake kirana da sunana ba, sai Injiniya, kuma yakan ja kalmar a bakinsa har sai na ji ta a ƙashina. Ya rayu shekara biyu bayan haka, ciwon ƙirji ya ɗauke shi ina Kano ina jarrabawa. Wanda ya bugo mini waya, ɗan unguwarmu, cewa ya yi, "Ɗan Tsako ya rasu." Bai yi nufin wulaƙanci ba, sunan da ya sani ke nan.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma yanzu kiɗan ne ke gudu, rawa tana binsa tana tuntuɓe. Masu kiɗan biki, waɗanda ake kira dije, kowace waƙa ta zo hannunsu sai sun ƙara mata wuta, kamar mai jin tsoron kada jama'a su sami damar yin numfashi. Ina jin da zai tsaya a gefen fili ya nemo wadda ta fi kowa nauyin ƙafa, ya ce saboda ita ya kamata a rage. Ni yanzu ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Ɗambatta, kuma ban daina haɗa kiɗa ba. Ɗari da talatin da takwas ba ta yi laifi ba. A wurinta lamba ce mai kyau, har yau ina amfani da ita. Sai dai ba na rubuta kowace lamba sai na san wa zai taka, me ke hannunsa, kuma tsawon wane lokaci ake so ya jure. Na koya, amma da fatar wani aka yi mini allon.

A kakar da ta wuce aka yi bikin jikar Kawu. Bayan la'asar mata suka cika tsakar gidansa, dije ya kafa kayansa a bakin zaure, kuma kamar yadda na yi tsoro, ya saki Ɗan Tsako. Jikokin Kawu suka shiga fili suna juyi. Matarsa, Inna Tabawa, tana zaune a kan tabarma tana karɓar gaisuwa, ko gezau ba ta yi ba. Raina ya ɓaci. Na je na miƙa wa dije wayata, na ce ya sa ainihin sautin da na ɗauka, wanda ba a taɓa ba. Ya yi gardama, na matsa, ya sa.

Gangar ta sauka a tsakar gida da nauyinta, sannan muryarsa ta biyo, mai kauri, ba gaggawa. Masu rawa suka tsaya cak. "Kai dije, mutuwa aka yi?" in ji wata daga cikin dangin ango. "A mayar mana da tsakonmu!" Ni ba su nake kallo ba. Inna Tabawa ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shige ɗakinta, ta saki labule. Na bi ta na durƙusa a bakin ƙofa, ina zaton ko yau zan ji kalmar yafiyar da ban samu daga bakinsa ba.

"Nura, kada ka ƙara," in ji ta. "Wancan da suke rawa da shi ba shi ba ne, shekara da shekaru ina ji, ba ya yi mini komai. Wannan shi ne. Ka ɗauke mini shi sau ɗaya, ya isa. Ba sai ka dawo mini da shi a ranar biki ba."

Kafin in tashi, dije ya riga ya mayar da waƙar Ɗan Tsako, fili ya sake cika.

To, me ya rage na Kawu Haladu bayan shekara bakwai? Gangarsa tana rataye a zaure, fatar ta tsage, babu mai gyarawa. Gonakin da ya yi wa kiɗa ana fesa su ne yanzu, mutum ɗaya, shiru. Murya biyu ya bari. Ɗaya ƙarya ce, tana cikin kowace waya daga Makoda zuwa Ɗambatta, kuma ba ni da ikon goge ta. Ɗaya gaskiya ce, jama'a ba sa so, wadda ta san ta kuma ba za ta iya jurewa ba. Na bi umarnin Inna, ban sake kunna ta a gaban kowa ba. Ina roƙon wanda ya karanta wannan, idan waƙar tana wayarsa, ya san cewa mai muryar dattijo ne, sunansa Haladu, kuma ba haka ya yi ta ba. Allah ya yi masa rahama, ya sa ya huta. Abin da ke tsakanina da shi kuwa yana nan ajiye, sai ranar da za a tsayar da mu.