Bawul Biyu Masu Ɗigon Ja

Har yau idan na tuna da Asabar ɗin nan sai haushi ya taso mini, kuma rabin haushin na kaina ne.

Babanmu mai gyaran na'urori ne a gidan rediyo. Da ya rasu aka zo rabon kayan ɗakinsa a Unguwar Shanu, abu ɗaya na roƙa: wani ɗan akwatin ƙarfe da ya haɗa da hannunsa, na'urar ƙara sauti da ake jona wa hedifon. A samanta akwai bawul biyu, 'yan kwalaben gilashin nan na rediyon da, waɗanda sai sun yi ɗumi cikinsu ya yi ja kafin sauti ya fito. Baba ya daɗe yana cire wannan yana sa wancan kafin ya sami biyun da suka dace da juna. Da ya same su sai ya ɗiga wa kowanne jan farcen Innarmu don kada su gauraya da sauran. Da su nake sauraron kaset ɗin da ya aiko mini ina makarantar kwana, muryarsa ce zalla a ciki, yana yi mini faɗa a kan salla da karatu.

Yayan matata kuma babban ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya ya rasa abin yi, ya faɗa harkar sauti da ƙarfinsa. Ya yi odar sabuwar na'ura mai bawul daga ƙasar waje, ya ɗauko ta tun daga Unguwar Dosa har gidana a Kurmin Mashi, wai a gwada a ga wadda ta fi. Ranar Asabar ɗin bayan la'asar muka baje su a falo, hedifon ɗaya muna karɓa-karɓa. Tasa tana sheƙi, tana da ƙarfi, amma sautinta tsinini ne kamar ana kaɗa cokali a kofin tangaran. Tawa kuwa mummuna ce, fentinta duk ya kankare, sai dai muryar mawaƙi tana fitowa da nauyinta, kana jin fatar kalangu. Na san fuskata ta faɗi wadda ta fi.

Ya ce mu musanya bawul mu ji, tunda ƙafafunsu iri ɗaya ne. Muka kashe, muka jira suka huce, na zare nawa a hankali na dasa a tasa. Ya sa hedifon, ya lumshe ido, ya fi minti biyar bai motsa ba.

"Kai, ƙanena! Ashe duk sirrin a cikin kwalaben nan yake. Wallahi ban taɓa jin irin wannan ba."

Ni kuma da bakina na ce, "Ai naka ne, Yaya."

Duk wanda ya tashi a gidan mutunci ya san wannan maganar. Babba ya yaba abinka, ka ce nasa ne, shi kuma ya ce Allah ya bar maka abinka, shi ke nan an rabu da girma. Haka na ga ana yi tun ina yaro, a kan hula, a kan agogo, har a kan rago. Mutumin nan, da furfurarsa da komai, sai ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Ya zaro hankici, ya jira suka huce, ya naɗe su ina kallo. Ya bar mini sababbin nasa a kwalinsu, har yana cewa in riƙe, ba komai. Na raka shi mota ina murmushi kamar wawa, na ma buɗe masa ƙofa.

Sati uku ina cin kaina. Na sa nasa a na'urar Baba, muryar Baba ta fito daga kaset ɗin, amma ni a kunnena kamar wani ne ya ari bakinsa. Na yi ta yi wa matata mita, a wajen cin abinci, a wajen shan shayi, har ta gaji.

"Kai fa ka ce nasa ne," in ji ta.

"Ai faɗa kawai ake yi da baki! Shi bai san faɗa kawai ake yi ba?"

"To je ka gaya masa. Ni dai ba za ka haɗa ni da Yaya ba."

Mutum ya je gidan yayan matarsa ya ce a dawo masa da kyauta, wannan abin kunya ne da za a daɗe ana ba da labarinsa a dangi. Na sani, na kuma tafi. Na ɗauki na'urar Baba da kaset ɗin, don ya ji da kunnensa dalilin rashin kunyata. Muka gaisa, muka sake gaisawa, na tambayi lafiyar kowa har da direbansa, sannan na sunkuyar da kai na faɗa.

Ko a jikinsa. "Haba, don wannan? Ai da ka aiko ma." Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin biskit, ya buɗe a gabana. Bawul ne cike, duk iri ɗaya. Ashe tun da ya ji daɗin nawa ya bi tsofaffin masu gyaran rediyo na garin nan ya kwashe abin da suke da shi. Kowanne yana ƙyalli tas.

"Yaya, masu ɗigon ja fa?"

"Au, wannan dattin? Ai na sa fetur na goge su gaba ɗaya. Ba na son ƙazanta a kan kaya. Zaɓi naka, ai kai mai kunne ne."

Datti! Jan farcen uwata, da hannun ubana. Na buɗe baki, girmansa ya rufe mini shi a karo na biyu. Wallahi da sa'ana ne da ranar an ji mu a titi.

Na zauna a kan kafet ɗinsa, na jona na'ura. In dasa biyu, in jira su yi ɗumi, in saurara, in kashe, in jira su huce, in sake wasu. Ni da na yi shekaru ina cika baki cewa ko ido a rufe zan gane bawul ɗin Baba. Waɗannan sun yi kama. Waɗancan ma sun yi kama. Har aka kira magariba ban iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba. Na ɗauki biyu don kada in tashi hannu wofi, na ma yi masa godiya, abin da har yanzu yake ƙona mini rai.

Su ne a kan na'urar yau. Wataƙila na Baba ne, wataƙila ɗaya ne kawai, wataƙila na wani tsohon mai gyara ne da ban taɓa gani ba. A farkon kaset ɗin, kafin ya fara faɗan salla, Baba yana ƙwanƙwasa makirfo sau biyu yadda ya saba a wurin aiki, ya ce, "Kana ji na kuwa?" A da dariya nake yi. Yanzu nakan tsayar da kaset ɗin a nan, in zauna ina kallon kwalaben.