Zaren Tagulla a Wayar Maman Jide

Ƙanwata Maimuna tun tana ƙarama ba ta cika zama a duniyar nan tare da mu ba. In an aike ta sayen manja, sai a same ta tsugune a bakin lungu tana bin layin tururuwa da ido, kwanon yana gefe. Inna ta yi faɗa har ta gaji, ni ma na yi nawa, don ni ban gaji haƙurin Inna ba. Abu ɗaya ne ya taɓa zaunar da ita wuri guda, shi ne allura. Tana shekara goma sha biyu ta fara ɗinkin hula, kafin ta kai ashirin dillalai suna sallama a ƙofar gidanmu na Unguwar Gano suna neman aikinta. Ɗinkinta a matse yake, ja ɗaya ba ya fin ɗaya, har ka rantse ba hannu ne ya yi ba.

Da ta yi aure sai suka kama haya a Gyaɗi-Gyaɗi, gida ɗaya da Baba Sylvanus da matarsa Adaobi, wadda kowa ke kira Maman Jide. Baba a Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Shekara arba'in yana gyaran rediyo da talabijin, daga baya wayoyin hannu, har rawar hannu ta kama shi ya rufe shago. Ni ma'aikaciyar jinya ce, in na tashi aikin safe nakan biya in sha ruwa a ɗakin Maimuna, shi ya sa duk abin da zan faɗa a idona aka yi shi.

Ɗan su Baba ɗaya tilo, Jideofor, ya rasu shekaru da suka wuce. Da tsufa ya taɓa tunanin Maman Jide sai ta manta da rasuwar. Abin da ya rage mata wata tsohuwar waya ce mai murfi, wadda in an buɗe, hoton Jide ne yake fara bayyana yana dariya. Tana zaune a inuwar darbejiyar tsakar gida, ta buɗe, ta kalle shi, ta rufe, ƙwas. Anjima ta sake. In ta gan shi hankalinta ya kwanta, ta ci abinci, ta yi barcin rana.

Wata Talata ta buɗe sai ta ga fari fat. Ta rufe ta buɗe, fari. Kafin la'asar an neme ta an rasa. Wani mai rake ne ya riƙo hannunta daga bakin titin Zariya, ba takalmi, tana tambayar masu adaidaita ko sun ga ɗanta. Washegari ma haka. Dole Baba ya fara sa wa ƙofar gida kwaɗo, ita kuwa ta tsaya jikin ƙofar tana bugawa tana kuka.

Na ce a saya mata wata wayar mana, a sa hoton. Baba ya ce hoton a cikin cikin wannan yake, ba shi da wani, kuma an gwada ba ta wayar Maimuna ta yi jifa da ita. Ya zaga kasuwar waya ta Tarauni shago shago, kowa ya ce kayan irin wannan sun daɗe da ƙarewa.

Ranar Alhamis na tarar ya baje wayar a kan faranti, Maimuna tana gefe da hula a cinya, ta daina ɗinki tana kallo. Ya nuna mata wani ɗan siririn abu ruwan zuma, kamar yankin leda, da ya ratsa ta gaɓar murfin.

Ya ce, "Wannan shi ne fileks, 'yata. Duba ta gilashin nan."

Ta ɗora ido a gilashin ƙara girma, ta daɗe ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Baba, zare ne a ciki. An jera su kamar ɗinki."

"Hanyoyin tagulla ne. Ita wuta ba ta fita daga batir sai ta san hanyar komawa. Ta fita ta ƙofa ɗaya, ta bi, ta yi aikinta, ta koma ta ɗaya ƙofar. In hanya ta yanke ko da faɗin gashi ne, sai ta tsaya cak. Da a kan allo mai tauri ake shimfiɗa hanyoyin. Da aka yi abin da ke naɗewa, sai aka shimfiɗa su a kan wannan don su lanƙwasa tare da shi. Mamanki ta buɗe ta rufe har hanyoyi uku sun karye."

Ya ɗaga hannayensa, suna kaɗawa. Ya ce, "Na san aikin kamar sunana. Amma kin gani."

Maimuna ta ce, "Ni nawa ba sa rawa, Baba."

Na ce da ita, "Ke, hula daban wuta daban. Kada ki ƙarasa wa mutane abin da ya rage musu." Ko kallona ba ta yi ba. Dama in ta shiga irin wannan duniyar tata, sai dai ka yi ta magana da bango.

Kwana huɗu tana koyo a kan matattun wayoyin da Baba ya tara a kwali. Ta koyi kankare rufin fileks da bakin reza har tagulla ta fito, ta koyi riƙe ƙarfen narka dalma kamar allura. Baba ya warware mata zaren tagulla daga wani tsohon lasifika, siriri kamar gashi, mai rufi a jikinsa, don in hanya biyu suka taɓa juna wuta takan yi yanke ta ƙone abu. Ita kuwa ta ce min in ta rufe ido tana ganin gari guda a cikin wayar, da lunguna, da 'yan fitilu suna tafiya a jere suna komawa gida. Na ce Allah ya shirya.

Rana ta biyar ta haɗa ukun nan. Ƙamshin dalma ya cika tsakar gida. Baba ya sa mitar gwada wuta, mita ta yi ƙara sau uku, alamar kowace hanya ta haɗu. Aka mayar da murfi, aka kunna, sai ga Jide yana dariya. Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Murnar ba ta kai la'asar ba. Maman Jide ta buɗe ta rufe kamar sau ashirin, fuskar wayar ta koma fari fat. Ta miƙe ta nufi ƙofa.

Da aka sake buɗewa, zare biyu sun tsinke daidai gaɓa. Baba ya duba ya dafe kai. Ya ce laifinsa ne, idonsa bai kai ba. Maimuna ta ja kowane zare ta matse shi tsaf, ba rara ko kaɗan, yadda ta saba a hula tun tana yarinya. Abin da ya sa dillalai ke rububin aikinta shi ya kashe wannan. Kuma wajen da ake ɗora dalmar ya cinye, Baba ya ce saura gwaji ɗaya, in ya tashi shi ke nan.

Na buɗe baki zan ce ai na faɗa, na ga fuskarta na haɗiye. Ta tashi ta je bakin ƙofa, ta kamo hannun Maman Jide ta zaunar da ita a tabarma, tana lallashinta. Ba ta saki hannun ba. Tana ta lanƙwasa yatsun tsohuwar tana miƙewa, a hankali, idonta a kansu, kamar yadda take bin tururuwa da.

Ta ce, "Yaya, kin ga? Duk inda gaɓa take, fatar wajen a tattare take. An bar mata rara."

Shekara goma sha takwas ina riƙe hannun marasa lafiya, ban taɓa lura ba.

Da safe ta sake zama. Wannan karon kowane zare sai da ta yi masa ɗan lanƙwasa a daidai gaɓa, ta bar shi sako-sako. Na ga yadda take cije leɓe, don a idonta wannan mummunan ɗinki ne, irin wanda Inna za ta sa a farke. Mita ta yi ƙara sau uku. Baba ya ƙi yarda a miƙa wayar sai da Maimuna ta buɗe ta rufe sau ɗari yana ƙirgawa.

Yau wata bakwai ke nan. An cire kwaɗon ƙofa. Masu gyara daga Tarauni sun fara aiko wa Maimuna fileks ɗin da ya gagare su, hulunan kuma suna nan tana yi, a matse kamar da.

Amma ni ranar nan nake tunawa. Maimuna ta durƙusa ta miƙa wayar. Maman Jide ta buɗe, ta daɗe tana kallo, ta goge fuskar da gefen zaninta. Sannan ta ce da shi, ƙasa-ƙasa, "Ina ka tsaya haka? Na fita nemanka har titi."

Ta rufe, ƙwas. Ta sake buɗewa, yana nan.

Ta dubi Maimuna ta ce, "'Yata, zubo abinci. Ya dawo."