Malamar Wasa da Masu Cutar Mantuwa

Malamar Wasa, wadda ta koya wa ma'aikatan jinya wasan kwaikwayo marar rubutu domin kula da masu cutar mantuwa, ta rasu a watan Maris na 2021, ajinta yana rufe.

Haihuwa da karatu

An haife ta a shekarar 1950 a wani gidan haya da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta unguwarzoma. A kwalejin horar da malamai ta shiga ƙungiyar wasa mai ƙa'ida ɗaya: duk abin da abokin wasa ya kawo ba a musa masa, sai a karɓa a ɗora. In ya ce kujerar nan kwalekwale ce, sai a hau tuƙi.

Aiki da aure

Ta fara koyarwa a sakandare a 1972, ta auri wani direban jirgin ƙasa a 1975, Allah ya ba su 'ya'ya uku.

Jinyar maigida

A 2009 mantuwa ta kama mijin. Kowace la'asar yakan sa takalmi ya ce Inna, mahaifiyarsa, tana jiransa, alhali ta daɗe da rasuwa. Babban ɗansu yakan faɗa masa gaskiya, shi kuwa ya yi kukan maraici sabo. Wata rana Malamar ta ɗauki mayafinta ta ce, "To Maigida, mu je. Me za mu kai mata?" Kafin su kai ƙarshen layi yana ta ba ta labarin Inna, har ya manta da tafiyar, ya dawo ya ci abinci. Ɗan ya kira wannan ƙarya. Ta ce tambaya kawai ta yi.

Ajin asibiti

Bayan rasuwar mijin a 2013, ta buɗe aji a ɗakin ajiye zannuwa na wani asibiti. Ma'aikaciya ɗaya takan fito a matsayin mara lafiya, a yi ta musa mata har ta fusata, sannan a sake wasan ana karɓa. Ma'aikatan sun shaida cewa ɗaure tsofaffi a gado ya ragu. A 2019 iyalan wani majinyaci suka yi ƙorafin ana yaudararsa, aka dakatar da ajin, aka kafa kwamitin bincike.

Rasuwa

An yi jana'izarta ran da ta rasu, aka binne ta kusa da mijinta. Ta bar babban ɗa, injiniya, da 'ya malamar jinya, da autan da ke gyaran rediyo. Kwamitin ya nemi babban ɗan ya ba da shaida kan jinyar mahaifinsa. Har yanzu bai ba da amsa ba.