Ranar da na hau dutse da takalmin shiga gona

Shekarun baya, da za ka tambaya wa ya fi kowa ƙafa tsakanin Kura da Bunkure, ni zan riga kowa ba ka amsa. Na sha faɗa a majalisa cewa ina bin bakin kanal ɗin ban ruwa daga gonata ta shinkafa har Kadawa in dawo ban nemi inuwa ba. Abin da ba na faɗa shi ne, rabin tafiyar a kan babur nake yin ta, kuma a lokacin tumbina ya fara riga ni shiga ɗaki.

A shekarar ne mahaifiyata ta samu kujerar Makka, aka ce ɗaya cikin 'ya'yanta ya raka ta. Mu biyu ne maza: ni babba, sai ƙanina, malamin makaranta da ya yi gida a wata sabuwar unguwa wajen Dawakin Kudu. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai Inna ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ɗan daɗe a tsakiya, ta ce, "Aikin nan na ƙafa ne. Ina son wanda zai riƙe ni, ba wanda zan tsaya jira ba."

Ƙanina ya ce, "Yaya, akwai dutse a bayan unguwarmu, duk Asabar muke hawa da maƙwabta. In ka kai samansa da ƙafarka, na bar maka. Inna ce shaida."

Na ce, "Wannan tsibin ƙasar? Ka tanadi shayi, a sama za ka tarar da ni."

Ranar Asabar da hantsi na iso. Na tarar da su kusan goma, kowa da kambas da gorar ruwa. Ni kuwa dogon takalmina na roba na sako, wanda nake shiga taɓo da shi, don a wajena shi ne takalmin aiki mai wuya. Ƙanina ya miƙo min gora, na ture hannunsa. Na ce, "Mu a Kura ba ma ɗaukar ruwa, ruwa ne yake bin mu." Wallahi har zuciyata nake faɗa. Tunda aka haife ni ban taɓa tafiyar da babu kanal a gefenta ba.

Hanyar hawan kuma sai na ga tana ta karkacewa, dama, hagu, dama. Mu manoman rani, kwarin ruwa in ya karkace, sai a ce mai gonar rago ne. Na ce su bi tasu, ni zan miƙe. Na miƙe ɗin.

Ban yi nisa ba takalmin ya fara santsi a kan dutse. Gumi ya taru a cikinsa har ina jin yana ƙara, da na zuba shi a gona da ya shayar da fangali biyu. Numfashina kamar injin ban ruwa da ya ja iska. Na zauna a gindin wata ƙaya na waiga. Ga unguwar a ƙasa, gidaje a jere, kowane gida da tankin ruwa a kansa, duk suna kallona. Harshena ya zama kamar busasshiyar kuɓewa. Na ce a raina, ka sauka kawai, ka ce ƙafa ce ta gurɗe. Sai a zuci na hango Inna a cikin taron alhazai, wani yana riƙe da hannunta ba ni ba. Na ce a'a, ko da rarrafe ne.

Ina nan sai ga wata tsohuwar Bafillatana da ƙwarya a ka, ta tsallako dutsen za ta kai nono unguwar. Ta tsaya ta ƙare min kallo.

"Malam, kifi ka zo kamawa a nan?"

Na ce, "Baba, sama za ni."

Ta sauke ƙwaryar, ta cika ludayi ta ba ni, ta ƙara. Ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba. Sannan ta ce, "Cire wannan abin. Ka ga kashin awaki? Bi inda ya bi. Akuya ba ta miƙewa, kuma ba ta faɗuwa."

Na rataya takalmin a wuya, na bi sawun awaki da safa. Taku ashirin, in tsaya, in yi salati, in ƙara ashirin. Wani wurin da hannu na hau, wani da gwiwa, wani wurin tumbin da ake yi wa gori shi ya tokare ni. Da na leƙa sama, na tarar sun gama hutawa har sun fara shirin sauka. Ƙanina ya taso da gudu ya kama ni, na ce, "Sake ni, da ƙafarka aka ce." Na ƙarasa taku ukun da kaina, na zube. Can nesa na hango kore shar, wajen gonakinmu, a shimfiɗe kamar darduma. Shekara arba'in da wani abu ina tafiya a kanta, ban san a kwance take haka ba.

Har yau in na tuna, ba kunya nake ji ba. Na gane ƙarfin da nake taƙama da shi na ƙasa mai laushi ne, kuma na gane ina da wani taurin kai da ban san da shi ba sai ranar. Yanzu ko Madobi za ni, da gorata.

Ƙanina ya cika alkawari, ya kuma ba Inna labari bai rage komai ba, har da safar da ta yage. Na zauna ina jiran yabo. Sai ta ce, "To, Allah ya yi albarka, da kai za mu tafi. Keken guragun nan da kuka ce za a tura ni a ciki a can Makka, a taho da shi. In ka gaji, ni sai in tura ka."