Kwanon Wainar Ƙanwata

Bayan kansar nono ta ɗauke Innarmu, kamar yadda ta ɗauke yayarta, likita a Kano ya ce ciwon yana bin jini, mu zo a gwada mu. Ni da ƙanwata muka bar turarar shinkafa a Kura, muka hau mota ɗaya.

Sakamako ya fito bayan kakar tumatir ta ƙare. Nata fes. Ni ce na gaji abin.

Ranar Juma'a ta soya wainar sadaka don gode wa Allah, ta bi gida-gida. Ba ta tsallake nawa ba. Da kanta ta kawo, ta ce, "Yaya, ga naki, da zafinsa."

Nono ɗaya muka sha. Ita ta kwashe hasken Inna da wushiryarta, ni aka bar min wannan. Na yi mata barka, na ci wainar, kuma ta yi daɗi, abin haushi.

A garinmu ba a mayar da kwano babu komai a ciki. Shekara biyu ke nan nata yana ɗakina. Har yau ban sami abin da zan zuba mata ba.