Malam Mamuda da Darasin Bututun Ruwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 9 ga Maris 1982, ina cikin aji da hantsi aka kawo mini labarin rasuwarka, Malam Mamuda, shugaban makarantarmu, bayan gajeriyar jinya a Talata Mafara. Na sallami yara, na kasa faɗa musu dalili.

Ka tafi ka bar mu tsakiyar rigima. Tun da madatsar Bakolori ta shanye gonaki, har aka yi asarar rayuka, mutanen ƙauyenmu ba sa son ko jin sunan aikin ban ruwan da aka gina ta dominsa. A wannan hali ka dage sai an sabunta darasin aikin hannu. Ka ce tufka igiya da ɗaure tsintsiya sun isa haka, a koya wa yara janyo ruwa da bututu daga magudana, da sarrafa ƙofar ruwa. Hukumar ilimi ta yarda a gwada. Iyaye kuwa suka ce ka sayar da su.

Ba zan manta safiyar da suka cika harabar makaranta ba, wasu da fartanya a kafaɗa. Muna roƙonka kada ka fita, amma ka fita da bokiti da bututunka. Malam Bello, wanda gonarsa ta nutse, ya damƙi hannun 'yarsa Hasana ya ce, "Sun canye muna ƙasa, kai kuma ka ba su ɗiyanmu?"

Ka ce, "Malam Bello, kushewar ubana na ƙarƙashin ruwan ga, can Maradun. In ɗiyanmu ba su iya buɗe ƙofar ga ba, hannun baƙo za ta zama har abada."

Ya tafi da 'yarsa, rabin ajin suka bi su. Ka ci gaba da waɗanda suka rage, kullum rigarka jiƙe, muna yi maka tsiya cewa ka koma mai ga-ruwa. Ka kan yi dariya, amma na san abin yana cinka.

Da muka ɗauke ka zuwa makwanci, na saddaƙar cewa har darasin za mu binne tare da kai. Sai ga Malam Bello ya shiga kabari ya karɓe ka da hannunsa. Bayan addu'a ya tare ni, idonsa jawur, ya ce, "Malam, bututun na nan?" Na ce yana nan. Ya ce, "To, Hasana na tahowa ran Litinin."

Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Malama Taibatu, da 'ya'yanka, da dangi na Maradun. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yalwata kabarinka, Ya shayar da kai ruwan Alkausara.