Zoben Robar Da Na Hana Orlindo

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Seu Orlindo Bueno a gidansa da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, yana da shekara tamanin da ɗaya. 'Yarsa Marilda ce ta tako har ƙofata ta faɗa mini. Wanda ya ba da ran ya karɓi abinsa. Ni Adelmo, maƙwabcinsa na shekara arba'in da shida, ni aka ce in rubuta wani abu, wai na fi kowa saninsa. Zan rubuta, amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba.

Orlindo, na yi maka hassada. Na yi ta da safe, na yi ta da yamma, har yau kuma ba ta gama sakina ba.

A duk garin nan mu biyu ne ke da Romi-Isetta, 'yar motar nan mai siffar ƙwai, mai ƙofa ɗaya tak a gaba, wadda in ka buɗe ta sitiyari ya biyo ta waje. Tawa ko noti ɗaya ba a sauya mata ba tun fitowarta, ruwan sama bai taɓa dukanta ba. Taka kuwa, kai jama'a! Hannun ƙofarta na tsohon firji ne, fitilar hagu ta babur ce, fentinta ragowar ruwan ɗorawar da ka shafa wa kicin ne, ramukan kujera kuma saƙar matarka Dona Zulmira ce ta rufe su. Amma a tambayi kowa a kasuwa, zai ce ƙwai ɗaya ne a garin nan, Ƙwan Orlindo.

Na san dalili, shi ya sa abin ya fi ci mini rai. A cikinta ka riƙa kai malamar asibiti gonakin rake da damina, domin in ta kafe a laka ƙarti huɗu sun isa su ɗaga ta. Amare nawa ka kai coci, mayafinsu yana kaɗawa ta rufin tamfol? Duk Asabar akwai buhun lemo na gidan tsofaffi a gefenka. Motar da mutum biyu ke cika ta, amma ban taɓa jin ka ce wa wani babu wuri ba. Ni kuwa wanda ya jingina da tawa sai ya ji babu daɗi.

Kakan leƙo ta katanga ka ce, "Adelmo, fito da baiwar Allah nan ta sha iska mana, baƙin ciki zai sa mata tsatsa." In ce, "Tawa dai mota ce, ba tarkacen bola ba." Sai ka yi dariya ka miƙo mini kofi. Ko faɗan ma ba ka bari na ci ba.

Duk ashirin da biyar ga Yuli muna jerin gwanon São Cristóvão, waliyyin direbobi, kuma motar da ke gaba ita ke ɗaukar mutum-mutuminsa zuwa coci. Shekara talatin da ɗaya taka ce a gaba, tawa ta biyu, ina shaƙar hayaƙinka. Wurin nan kaɗai na nema a rayuwata, sau ɗaya tak.

A watan Yunin bana zoben robar da ke haɗa injinka da ƙafafun baya ya tsinke. Ka zo garejina riƙe da hula, ka ce, "Mutumina, na san kana da biyu a ajiye." Na ce ai tuntuni na ba wani. Akwatin da suke ciki yana kan kanta, daidai saitin idonka. Ka dube shi, ka dube ni, ka ce, "Ba komai, a gai da mutanen gida."

Wata guda na yi ina goge motata. Da ranar jerin gwanon ta zo, tun da sassafe na ajiye ta a gaban layi. Can sai na ji hayaniya daga kwanar tasha. Direbobin manyan motocin rake ne, da matan kasuwa, da mai aski, sun turo Ƙwai da hannu, kana ciki kana riƙe da sitiyari. Fada Anselmo ya ɗora waliyyi a taka, ko inda nake bai kalla ba. Kilomita huɗu suka tura ka suna waƙa, ni ina biye a giya ta ɗaya, inji yana zafi, ni ma ina zafi. Na ga ka rame, amma haushi bai bar ni na tambaya ba. Sai ranar Talata Marilda ta gaya mini cewa tun Ista likita ya faɗa maka gaskiya, ciwonka ba na tashi ba ne, kuma burinka kawai ka tuƙa ta da kanka karo na ƙarshe. Abin da na hana ka ke nan.

An sa jana'iza Laraba da ƙarfe huɗu. Da safe Dona Zulmira ta aiko a kira ni, ta ce, "Seu Adelmo, mutane sun ce za su sake tura motarsa. Ni dai na so a ji kukan injinta." Ba ta ambaci akwatin zoben ba, amma ta sani. Na koma na sauko da shi. Ina taɓa zoben farko ya ruguje a hannuna kamar tsohon biskit, na biyu ma haka. Ashe shekara talatin gari nake gadi.

Sai na ɗaga tawa a kan jak, na sa mata sifana a karon farko, na cire nata zoben, na ɗaura wa taka. Kafin rana ta take Ƙwai ya yi tari sau biyu ya tashi.

Ni na tuƙa shi a gaban akwatin gawarka. Mutane sun cika bakin titi, wasu a kan baranda, suna ɗaga hannu suna kiran sunanka. Ga ni a gaban layi yadda na daɗe ina roƙo, kuma babu wanda ya gan ni. Na yi kuka har hanya ta ɓace mini, kuma Allah shaida, a cikin kukan ma akwai ƙyashi. Kana kwance ba ka motsi, ka sake fina.

Allah ya ji ƙanka, Orlindo, ya gafarta maka, ya ba ka wuri mai faɗi kamar yadda ka ba kowa wuri a kujerar mutum biyu. Ya ba Dona Zulmira da Marilda da jikoki haƙurin wannan rashi, da direbobin garin nan baki ɗaya. Motata tana kan bulo, kuma a nan za ta zauna, zoben na bar maka. Ka yafe mini jinkirin da na yi, in ana jin roƙo daga can. Amin.